Ƙauyen da Aka Ce Ya Daina Haihuwa

Unguwar Gawo ƙaramin ƙauye ne a gefen Karare, gidaje arba'in da 'yan kai. Ƙasarsu tana ba da gero da dawa da gyaɗa ba rowa, amma in ka haƙa gaba uku sai ka tarar da dutse a shimfiɗe kamar an yi daɓe. Da zarar an gama kaka tafki ya ƙafe, sai mata su kama hanyar rafi da tuluna, su tona rairayi, su zauna jiran ruwa ya taru a ƙoƙo. Mace kan fita da sassafe ta dawo rana tsaka da tulu ɗaya, wani lokacin har da gyaran kurkunu a ƙafa. Kowace shekara gida ɗaya ko biyu kan ɗaure kaya da sunan cin rani, su tafi inda ruwa yake, su manta hanyar dawowa.

Mai unguwa Muntaka dattijo ne mai sanyin magana, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ko ga jaki ba. Shekara bakwai yana kai kukan rijiya gaban dagaci, dagaci yana kaiwa gaban hakimi, hakimi yana kaiwa inda ake kai irin waɗannan abubuwa su huta. Bayan an dawo daga yaƙin Bama da 'yan shekaru sai ga labari: masu haƙar rijiyar gwamnati za su shigo yankin da rani, da siminti da nakiyar fasa dutse. Sai dai rijiya ɗaya za su haƙa, ƙauyuka biyu kuma ke nema, Unguwar Gawo da Tungar Mani, can wajen Babban Duhu.

A ranar da labarin ya zo, Haliru ya sami mai unguwa a zaure. Haliru shi ke da gida mafi girma a ƙauyen, ƙannensa huɗu duk suna gandunsa. Bayan sun gaisa gaisuwa mai tsawo, ya ce zai jira wannan rani ɗaya. In an haƙa, ya zauna. In ba a haƙa ba, shi da iyalinsa sun tashi, kuma gidaje biyar sun ce ƙafarsu ƙafarsa. Muntaka ya san in waɗannan suka tafi, abin da zai rage masa na sarauta shi ne gawon da tsofaffi goma.

Ita gwamnati ba ta yin abu da ka. Kafin ta zubar da simintinta a rami, sai ta turo wanda zai duba wane ƙauye ne ke da gobe. Aka turo wani Bature dogo, mai yawan goge fuska, wanda tun kafin ya sauka daga doki aka raɗa masa Mai Hankici. Tafintansa Lado ne, tsohon soja, mutumin Batsari, wanda ya je yaƙi ya dawo da Turanci da takalma biyu ba iri ɗaya ba.

Muntaka ya sa aka share gindin gawo, aka kori yara can bayan gari don kada su dami baƙo da kallo. Aka kafa wa Bature tebur da kujera, magidanta suka zauna a ƙasa.

Kafin a fara, Mai Hankici ya yi musu jawabi. Lado ya ce Bature ya ce mutanen duniya sun haura miliyan dubu biyu, kuma suna ta ƙaruwa, har masana na tsoron wata rana abinci ya kasa. Amma kuma a ƙasarsu ta Turai haihuwa raguwa take yi, mutum ya haifi biyu ya ce ya gaji, wannan ma masana na tsoronsa. Muntaka ya gyaɗa kai cikin ladabi. A ransa ya tausaya wa masanan, tunda ko an haihu ko ba a haihu ba su ba su da kwanciyar hankali. Lado kuma ya ƙara nasa, ya ce shi da idonsa ya ga wani gari a Hindu inda mutane ke kwana a kan titi jere kamar damman gero, in ka ɗaga ƙafa sai ka nemi izini kafin ka ajiye ta.

Aka fara kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya. Tambayar ba wuya: matarka ta haihu, kuma guda nawa?

To, a Unguwar Gawo, kamar sauran ƙasar, mutumin kirki ba ya ambaton ɗansa na fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, in ana lissafa 'ya'ya sai ya tsallake shi kamar yadda ake tsallake kabari. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita ake gane wanda ya sami tarbiyya. Saboda haka mai 'ya'ya biyar ya ce huɗu, mai uku ya ce biyu. Samarin magidanta kuwa, waɗanda ɗa ɗaya ne gare su kuma shi ne na fari, ga iyayensu zaune suna ji, sai kowane ya sunkuyar da kai, ya tona ƙasa da babban yatsa, ya ce, "Sai a hankali dai."

Lado ya juya ya ce wa Bature babu.

Ba wai Lado bai sani ba. Amma a soja an koya masa tafinta yana faɗin abin da aka faɗa ne, ba abin da aka yi shiru a kai ba. Ranar da ya taɓa ƙara wa wani hafsa bayani, kwana bakwai ya yi kulle a gadirum, kurkukun soja, kuma bai manta ba.

Da aka zo kan mai unguwa, ya lissafa 'ya'yansa shida da sunayensu, a tsanake. Sada, ɗansa na fari, mutum mai shekara talatin da shida da gemu har ƙirji, yana zaune a bayansa yana gyaɗa kai alamar lissafin ya yi daidai. Muntaka ya koma gida ranar yana jin daɗi. Ko mutum ɗaya bai yi rashin kunya a gaban baƙo ba. Ya ce wa matarsa Inno ai ko Bature ya ga irin mutanen da suke.

Bature ya gani kuwa. Bayan sati uku aka kira Muntaka ƙofar hakimi aka karanta masa takarda. Takardar ta ce a Unguwar Gawo, cikin matan aure masu ƙuruciya ashirin da uku, goma sha tara ba su taɓa haihuwa ba. Ta ce mai bincike bai ga yaro ko ɗaya yana wasa a ƙauyen ba. Ta ce in aka ci gaba a haka, nan da shekara arba'in ba mai shan ruwa a wurin sai tsuntsaye, su kuma ba su nemi rijiya ba. Tungar Mani kuwa yara sun yi mata yawa har ba wurin taka ƙafa. Saboda haka rijiya ta Tungar Mani ce. Amma gwamnati, don tausayinta, za ta sake turo mai binciken da ɗan dispensa da akwatin magani, a gano abin da ke damun mazan Unguwar Gawo.

Kafin Muntaka ya isa gida labari ya riga shi. Ranar kasuwar Batsari ba mutumin Unguwar Gawo da ya ratsa rumfuna lafiya. Sammani mahauci, wanda dama abokin wasan Muntaka ne, ya hango shi daga nesa, ya ajiye wuƙa, ya miƙe tsaye da ladabin ƙarya.

"Ranka shi daɗe, sarkin marasa magaji. Zo in yanka maka inda ke ƙara ƙarfi, ba sai ka biya ba, sadaka ce."

Mai maganin gargajiya ya bi shi har bakin kasuwa da ƙullin saiwoyi. Wata mai fura ta ƙara masa dunƙule ɗaya, ta yi masa addu'a Allah ya kawo rabo. Muntaka, mai jikoki goma sha huɗu, ya ce amin.

Ƙanwar Inno, Tasalla, ita ta warware masa sauran zancen da ta zo daga Tungar Mani yi musu jaje, tana dariya har da hawaye. Ashe ranar da Mai Hankici ya je can, maza duk sun tafi kasuwar Safana, tsofaffin mata ya tarar. Kaka kuwa ba ta da kunyar jika. Kowace ta jawo nata ta jera, tana kiran suna tana haɗawa da zagin wasa. Tasalla ita kaɗai ta jera goma sha ɗaya. Kuma tun kaka da kakanni mazan Unguwar Gawo a Tungar Mani suke aure. Mace in ta sami cikin fari, gidansu take komawa ta haihu ta yi wankan jego. In an tashi yaye, wurin kaka ake kai yaro, sau da yawa kuma kakar ta ƙi maido shi. Wato 'ya'yan farin Unguwar Gawo ne suka tsaya a layi suka ci wa Tungar Mani rijiya.

Muntaka ya yi kwana biyu yana juya abin. An ga ƙannen Haliru suna gyaran mangalolin jakuna, kuma ba lokacin kai taki ba ne.

A rana ta uku ya tara magidanta ya faɗa musu dabararsa. Ba wanda zai ambaci nasa, Allah ya kiyaye. Amma ai ba kunya tsakanin mutum da ɗan maƙwabcinsa. In Bature ya dawo, kowa ya faɗi na gidan da ke kusa da shi. Jama'a suka yaba, suka ce wannan ita ce dattaku. Aka tura jakuna Tungar Mani aka kwaso yara, kakanni suna bin su da baƙaƙen maganganu har bakin gari.

Mai Hankici ya dawo ana tsakiyar rani, da ɗan dispensa da akwatinsa. Da murnarsa ya zo, don Lado ya ce yana rubuta dogon bayani a kan ƙauyen da zai aika wa masana a ƙasarsu. Da ya sauka ya ga gindin gawo cike da yara sai fuskarsa ta canza, kamar wanda ya zo jana'iza ya tarar da mamacin yana cin tuwo.

Aka fara. Wannan ya nuna yaro ya ce ɗan wane ne, wane ya kalli sama. Wancan ya nuna yarinya ya ce ɗiyar wane ce, wane ya shiga gyaran hula. Bature yana rubutawa yana kallon iyayen, yana ganin ba wanda ya ko dubi abin da aka ce nasa ne. Can sai ya ajiye alƙalami ya nuna wata yarinya mai wushirya. Ya ce ya san ta. Ita ce ta tsinke masa igiyar agogo a Tungar Mani.

Lado ya saurara, ya share murya, ya fassara. Bature ya ce ya gane. An je an aro yara don a cuci gwamnati. Ya ce ga shaida a fili, kowane mutum an ba shi yaron da bai sani ba, har ya kasa kallonsa.

Muntaka ya matso ya durƙusa, ya yi bayanin al'ada daki-daki, yadda yakan yi wa masu rigimar iyakar gona. Wannan karon Lado ya fassara duka, har ya ƙara da nasa, gadirum ko ba gadirum ba. Bature ya ji har ƙarshe. Sannan ya ce ya karanta littattafai da yawa a kan al'adun mutane, bai ga wannan a ciki ba. Ya goge fuska, ya ƙara wata magana a hankali, wadda Lado ya ɗan jinkirta kafin ya juya ta.

"Ya ce shekararsa goma sha biyar da aure, Allah bai ba shi ba. Ya ce da yana da guda ɗaya, da kan dutsen can zai hau ya kira sunansa kowa ya ji."

 Wani tsoho ya ce Allah sarki. Ɗan dispensa ya dubi akwatin maganinsa, ya dubi Bature, ya kau da kai.

Amma tausayi bai canza hukunci ba. Mai Hankici ya ce abu ɗaya zai karɓa: uba ya dafa ɗansa da hannunsa, ya ce nawa ne, ya faɗi sunansa da bakinsa. Wanda aka yi wa haka za a rubuta shi. In ba haka ba, takardar farko tana nan, masu haƙa kuma jibi za su wuce Tungar Mani.

Ba wanda ya motsa. Samari suka dubi iyayensu, iyaye suka dubi ƙasa, daga nan kowa ya dubi mai unguwa. Muntaka ya ji idanun a bayan wuyansa. Shekara talatin da shida bai taɓa furta sunan nan ba. In yana son kiransa sai ya ce kai, ko ya yi gyaran murya, kuma ba a taɓa samun kuskure ba. Mahaifinsa ma haka ya yi masa har ya koma ga Allah, kuma bai taɓa shakkar yana sonsa ba. Ya dubi Haliru. Haliru yana kallon hanyar da ta fita gari.

Muntaka ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya juya baya, ya kama Sada a kafaɗa. Sada ya zabura kamar an ɗora masa garwashi, ya yi ƙoƙarin zamewa, tsohon ya riƙe shi.

"Wanga ɗana ne," in ji Muntaka. Muryar ta fito siririya, sai da ya sake. "Nawa ne, na fari. Sunanshi Sada."

Daga bayan zanar gidan mai unguwa aka ji wata mace ta yi salati. Sada ya ja hularsa har ta rufe masa ido, ya tsaya a haka, ƙato da gemu, hannun ubansa a kafaɗarsa. Mai Hankici ya dubi gemun, ya tambayi Lado ko ya ji daidai. Lado ya ce ya ji daidai. Bature ya rubuta.

Haliru ne ya tashi na biyu. Ya jawo yarinyar nan mai wushirya, wadda ashe jikarsa ce, ya tura ta gaban ɗansa, ya ce masa tunda mai unguwa ya zubar da tasa kunyar, wa ya isa ya ajiye tashi. Daga nan aka yi ta yi. Wani ya faɗi sunan cikin raɗa sai da aka sa shi ya maimaita sau uku. Wani ya faɗa ya ruga gona. Wani saurayi ya dafa ɗan wani don ruɗewa, uwar yaron ta gyara masa daga bayan zana. Yaran kuwa sun tsorata, don ba su taɓa ganin ubanninsu sun kula su a fili ba, rabi suka fashe da kuka. Har la'asar ana abu ɗaya. Da aka gama, mutum talatin da takwas aka ƙara a littafin.

Takarda ta biyu ta fi ta farko kyau. Ta ce cikin wata huɗu kacal Unguwar Gawo ta ƙaru da 'ya'ya talatin da takwas, abin da ba a taɓa gani ba a duk inda aka yi bincike. Ba ta ambaci cewa ɗaya daga cikinsu yana da gemu da mata da 'ya'ya biyar ba. Ta ce in aka ci gaba a haka, nan da shekara ɗari ƙauyen zai haɗiye Karare da Batsari, kuma wannan ya tabbatar da tsoron masana cewa duniya na gab da cika. Don haka a haƙa musu rijiya da gaggawa. A ƙarshe ta ba mazan ƙauyen shawara su riƙa sassautawa. Muntaka ya ce a gaya wa gwamnati sun gode, za su yi iyakar ƙoƙarinsu.

Masu haƙa suka zo. Suka yi sati bakwai suna fasa dutse da nakiya, kaji suka daina ƙwai, aka sami ruwa a gaba goma sha biyu. Haliru ya sa aka yi wa rumbunansa sabuwar jinka.

Inno ce dai ba ta huce ba. Tun ranar gindin gawo, in ta kawo wa Muntaka tuwo sai ta ajiye ta juya, gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta ce wa matan gida ita ba ta san inda za ta sa fuskarta ba in ta je garinsu, an ce mijinta ya tsaya gaban arne da Musulmi ya yi abin da ko mahaukaci ba ya yi. Ita ce kuwa ta fi kowa daɗewa a hanyar rafi, har wuyanta ya ɗan karkace saboda tulu.

Ranar da aka buɗe rijiyar, Muntaka ya ɗebo ruwan a ƙwarya da kansa ya kai mata har ɗaki. Ta karɓa ba ta dube shi ba. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta sake kurɓa, sai da ta shanye.

Ya tambaye ta yaya ta ji shi.

"Ba laifi," in ji ta. "Amma Malam, da ka tambaye ni, da na ce maka ina iya ƙara shekara goma ina zuwa rafi."

Ta miƙa masa ƙwaryar, ta ce ya ƙaro.